Kwanciya Cikin Ciyawa: Yadda Ake Buga Metal Gear Solid 3: Subsistence

A watan Nuwamba na 2004 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da Metal Gear Solid 3: Snake Eater a kan PlayStation 2, ƙarƙashin jagorancin Hideo Kojima. Wasan ya sha yabo, amma da yawa daga cikin waɗanda suka buga shi sun koka da abu guda, wato kyamara. Daga sama aka kafa ta tana kallon ƙasa, kamar yadda aka saba a wasannin da suka gabace shi. A waɗancan hakan bai dami kowa ba, domin cikin gine-gine ake yawo, ga kuma rada a kusurwar allo tana nuna inda kowane soja yake da inda ya sa gaba. Wannan kuwa a daji yake, labarinsa na shekarar 1964 ne, kuma an cire radar. Sai ya zamana soja na hango ka daga inda allon bai kai ba, ba ka ankara ba sai ka ji an yi ihu an kira agaji.

Subsistence shi ne gyaran wannan matsala. Ya fito a Japan a Disamba 2005, a Amurka a Maris 2006, a Turai kuma a Oktoba na wannan shekarar. Labarin bai canza ba, dajin ma yana nan yadda yake, amma an sauko da kyamara ta koma bayan Snake, jarumin wasan, kuma kai ne kake juya ta da sandar analog ta dama. An kuma cika faifai na biyu da ƙarin kaya. Duk wanda yau ya buga wasan a HD Collection ta 2011 ko Master Collection ta 2023, a kan wannan bugun aka gina abin da yake bugawa, don haka bayanin nan zai yi masa amfani. Maɓallan da zan ambata na PlayStation 2 ne. A sababbin na'urori an ɗan sauya musu wuri, sai ka leƙa jerin maɓallai kafin ka fara.

Labarin a taƙaice: kai ne Naked Snake, sojan Amurka da aka jefo da lema cikin dajin Tselinoyarsk na Tarayyar Sobiyet don ya fito da wani masanin makamai mai suna Sokolov. Aikin ya ɓaci lokacin da malamarsa, The Boss, ta koma ɓangaren Kanal Volgin. Bayan mako guda aka sake tura shi da umarnin ya rusa makamin Shagohod, ya kuma kashe ta. Sauran ka gani da idonka.

Ido kafin ƙafa

Sabuwar kyamarar tana da tarko. Da zarar mutum ya ga yana iya hango gabansa, sai ya ɗauka wasan harbi ne, ya zura da gudu. Ba don haka aka yi ta ba. An yi ta ne don ka iya tsayawa wuri guda ka ƙare wa fili kallo.

Duk lokacin da ka shiga sabon yanki, kada ka taɓa sandar hagu tukuna. Danna X ka riƙe har Snake ya kwanta rub da ciki. Juya kyamara a hankali, dama da hagu. Idan ka ga motsi, ɗauko madubin hangen nesa. Ƙirga sojojin, sannan ka zuba wa kowanne ido har ya yi zagayensa ya dawo inda ya fara, domin kowane mai gadi yana da hanyar da yake bi da wurin da yake tsayawa ya waiga. Minti biyu da ka kashe a nan za su hana ka minti goma na gudu da zubar da jini. Inda ka ƙirga uku, ka sa a ranka akwai na huɗu a bayan bishiya.

Tsohuwar kyamarar ba a jefar da ita ba. Idan ka danna sandar dama ciki, wato R3, za ta koma kallon sama, ka sake dannawa ta dawo. A cikin ɗakuna masu kwana-kwana, kamar ɗakin binciken Graniny Gorki, kallon sama ya fi nuna wanda ke bayan bango. A daji kuwa sabuwar ce uwa. Sai kuma R1, wanda ke sa ka gani da idon Snake. Da shi ake saiti, amma ba a tafiya a cikinsa. Ka kuma sani idan ka kutsa cikin doguwar ciyawa a kwance, kallon yana komawa idon Snake da kansa, ba ka ganin komai sai ganye da takalman mai wucewa. Da farko abin yana da takura. Daga baya za ka gane a nan ne ka fi samun kwanciyar hankali a duk dajin.

Akwai na'urori uku da suka maye gurbin rada: mai gano motsi, mai aika sauti ya dawo da hoton abin da ke kewaye, da mai sa hannun gem ya girgiza idan mutum na kusa. Duk batir suke ci, ta biyun kuma tana yin ƙarar da soja zai iya ji. Da sabuwar kyamara ba ka cika bukatarsu ba.

Tafiya iri uku ce. Tura sandar hagu gaba ɗaya gudu ne, kuma ana jin sawunka. Tura ta kaɗan tafiya ce, ita ma ana ji idan ka matso. Sanɗa ta gaskiya da maɓallan kibiya ake yin ta: Snake zai riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba ko ƙwas. Tana cin ƙarfin jiki kuma tana da nawa, don haka ka ajiye ta sai taku biyar ko shida na ƙarshe kafin ka isa bayan mutum.

Lambar da ke saman allo

A kusurwar dama ta sama akwai lamba mai alamar kashi cikin ɗari. Ita ce ma'aunin yadda ka saje da wurin da kake. Abu huɗu ke motsa ta: kayan jikinka, fentin fuskarka, abin da ke ƙarƙashinka ko bayanka, da yanayin tsayuwarka. A tsaye lambar tana ƙasa, a tsugune ta ɗan hau, a kwance ta kai ƙololuwa. Da ka motsa sai ta faɗo, da ka ruga kuwa takan gangara ƙasa da sifili.

Danna START ka shiga shafin kayan saje. Ba sai ka yi ta canki-canka ba, domin kusa da kowane kaya an rubuta nawa zai ƙara ko ya rage a daidai inda kake. Leaf na ciyawa ne, Tree Bark na jingina da bishiya, Black na dare da duhun kogo. Squares, wanda ja ne mai ban dariya, shi ne ya dace da jan bulo na tsohuwar masana'antar Rassvet. Choco Chip sai an hau dutsen Krasnogorje, Splitter kuma na cikin gine-gine. Idan lambar ta haura 80 kana kwance, soja zai iya wucewa kusa da kai bai gan ka ba, muddin bai taka ka ba.

Gaskiya shiga da fita wannan shafi yana gundura, kuma shi ne aibin wasan da Subsistence bai gyara ba. Shawarata kada ka mai da kanka tela. Zaɓi kayan da ya dace da mafi yawan yankin, ka sauya kawai idan za ka daɗe a wuri guda ko ƙasar ta canza launi baki ɗaya.

Maɓallin da'ira

Nan ne sababbin 'yan wasa suka fi yin ɓarna, don haka bari mu tsaya a kai. Hannun PlayStation 2 yana jin nauyin yatsa, wato ya san bambancin dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi, kuma an gina damben kusa na wasan, wanda ake kira CQC, a kan wannan.

Ka lallaɓo bayan soja, hannunka babu komai, ko kana riƙe da wuƙa, ko ƙaramar bindiga. Da babbar bindiga ba ya yiwuwa. Saki sandar hagu gaba ɗaya. Danna da'ira a hankali ka riƙe: Snake zai shaƙo shi ya ɗora masa wuƙa a wuya. Daga nan zaɓi naka ne. Idan ka danna sandar hagu ciki, wato L3, zai yi masa tambayoyi. Idan ka riƙa ɗan tattaɓa da'ira, zai shaƙe shi har ya suma. Kana iya jan sa zuwa cikin ciyawa, ko ka yi garkuwa da shi idan abokansa sun taso. Amma idan yatsanka ya nutse da ƙarfi, yanka ne nan take. Mutane da yawa sun yanka sojan da suka so tambaya saboda zumuɗi kawai, musamman da tsohon hannun gem da maɓallinsa ya saki. Gwada naka a kan sojojin farko na Dremuchij har yatsanka ya san iyakarsa.

Idan kuma ka tura sanda tare da danna da'ira, Snake zai ɗaga mutumin ya maka shi da ƙasa, ya suma a take. Wannan ita ce dabarar da za ta fi cetonka idan aka rutsa ka.

Kada ka raina tambayoyin nan. Sojoji suna faɗin inda rumbun makamai yake, suna sa maka alama a taswira, wani lokaci su ba ka lambar rediyo da za ta soke ƙararrawa ko ta buɗe ƙofa. Rubuta lambobin a takarda.

Bindiga ma haka take da nauyin yatsa. Da ƙaramar bindiga, danna maɓalli mai kusurwa huɗu yana ɗaga ta ne, sakinsa shi ne harbi. Idan ka fasa, sai ka janye yatsa sannu a hankali, Snake zai sauke ta ba tare da harsashi ya fita ba. Da wannan ake yi wa soja ƙawanya: ka zo bayansa ka ɗaga bindiga, zai ɗaga hannu. Ka zagayo gabansa ka saita kansa, zai karkaɗa jiki kayan aljihunsa su zubo.

Babbar abokiyar tafiyarka ita ce Mk22, bindigar sa barci. Harbi a kai yana kwantar da mutum nan take, a jiki kuwa sai ya ɗan ɗauki lokaci. Salansar bakinta tana cinyewa da kowane harbi, kuma ba a samun sabuwa a ko'ina, saboda haka kada ka ƙarar da ita a kan kwaɗi da macizai. Wanda ka kwantar, ja shi ka ɓoye, don idan abokinsa ya gan shi zai tashe shi da ƙafa.

In an gan ka

Za a gan ka, wannan ba makawa. Matakai uku ne. Na farko suna ganinka suna harbi, ana ta turo ƙarin sojoji. Idan ka ɓace musu sai a shiga na biyu, suna bincike lungu-lungu, agogo na sauka. Na uku sun daina nema amma an ƙara masu gadi kuma kowa ya buɗe ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne fitowa da zarar kiɗan ya lafa. Zauna inda kake har agogon ya ƙare.

Kafin a kai ga haka akwai 'yar dama. Sojan da ya gan ka sai ya kira ta rediyo kafin agaji ya zo. Idan ka kwantar da shi kafin ya gama magana, ko ka riga ka harbe rediyon da ke jikinsa, maganar ta mutu a nan.

Wasan yana kuma barin ka ka gurgunta abokan gaba tun kafin ku haɗu. Ka dasa TNT a rumbun abincinsu, sojojin yankin za su kama yunwa, su riƙa ƙorafi, su rarumi duk abin da ka jefa musu ko da ruɓaɓɓe ne. Ka tarwatsa rumbun harsasai, harbinsu zai ragu. A sansanin Bolshaya Past akwai jirgi mai saukar ungulu a ajiye. Idan ka fasa shi a nan, ka rage wa kanka wahala a kan dutse daga baya. A gadar igiya ta Dolinovodno ɗaga kai ka duba bishiya: akwai gidan zuma a saman mai gadi, harbi ɗaya ya isa ya kore shi.

Ciki da rauni

Ƙarƙashin layin rai akwai layin ƙarfin jiki. Idan ya yi ƙasa, hannun Snake yana rawa wajen saiti, rauninsa ba ya saurin warkewa, cikinsa kuma yana kugi har soja na kusa ya ji. Maganinsa abinci, abincin kuma yana yawo a daji: maciji, kwaɗo, kifi, zomo, tsuntsu, 'ya'yan itace, naman kaza, har kada. Abin da ka kashe yana ruɓewa, kuma da agogon na'urarka ake lissafi, wato ko ka kashe wasan ka tafi kwana biyu, naman yana nan yana lalacewa. Abin da ka sa wa barci ka kama da rai ba ya ruɓewa, amma keji uku kawai gare ka. Abincin gwangwani da taliyar leda da Calorie Mate ba sa lalacewa, don haka su ne na ajiya saboda manyan faɗace-faɗace.

Kafin ka ci abin da ba ka sani ba, kira abokiyar aikinka Para-Medic ta rediyo a 145.73. Za ta gaya maka ko guba ne, sannan, in ka adana wasa a 140.96, ta cika ka da labarin finafinan zamanin. Sigint a 148.41 shi ne masanin makamai da kayan saje, Manjo Zero kuma a 140.85 yake tuna maka inda aka dosa. Akwai wani naman kaza mai haske a cikin kogo wanda cinsa ke cika batir. Kada ka tambayi dalili. Ruɓaɓɓen nama ma kada ka zubar, yana da ranarsa.

Rauni mai tsanani yana bayyana da ja a layin rai, kuma wannan jan ba zai cike ba sai ka yi magani a shafin jinya. Harsashi: ciro shi da wuƙa, sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sa na tsayar da jini, ɗaure da bandeji. Yanka yana bukatar ɗinki. Karaya, katako da bandeji. Ƙuna, man shafawa da bandeji. Idan ka fito daga fadamar Chyornyj Prud ka ga ƙarfinka na zuba ba dalili, matsattsaku ne suka manne maka, sai ka ƙona su da sigari. Ka mai da shi al'ada: duk fitowa daga ruwa, leƙa shafin jinya.

'Yan Cobra

Yawancin manyan abokan karonka 'yan rundunar Cobra ne. Kowane babban abokin karo yana da layi biyu kamar naka. Kana iya ƙarar da ransa da harsashi, ko ka ƙarar da ƙarfinsa da Mk22. Hanya ta biyu ta fi wuya, amma ita ke ba da lada: kayan saje na musamman daga kusan kowannensu.

Ocelot, wanda ba ɗan Cobra ba ne, shi za ka fara karawa da shi, rami a tsakaninku. Ɓuya bayan dutse, ka harbe shi lokacin da yake ɗura harsashi. The Pain mai rundunar zuma ne a cikin kogo. Da ya turo su ka faɗa ruwa, idan ya lulluɓe jikinsa da su ka watsa su da gurneti. The Fear yana ɓacewa yana tsalle a kan bishiyoyi, amma ɓacewar tana cinye ƙarfinsa. Sa tabarau mai ganin zafin jiki ka bi shi da ido, in yunwa ta sauko da shi neman abinci, jefa masa ruɓaɓɓen naman nan ko naman kaza mai guba. The Fury mai bindigar wuta ne a cikin dogayen lunguna masu duhu. Kada ka tsaya a layi ɗaya da shi, bi ta gefe ka fito masa ta baya.

The End shi ne wanda ya cancanci a zauna a kansa. Tsoho ne da ya haura shekara ɗari, maharbin nesa, kuma filin faɗanku yankuna uku ne na dajin Sokrovenno. Babu kiɗa, babu gaggawa, kuma faɗan na iya cin awa guda. Ba ya kashe ka. Alluran barci yake harbawa, suna zuƙe ƙarfinka, in ka faɗi ya ɗauke ka ya kai ka kurkukun Graniny Gorki, ka sake takowa. Da allura ta same ka, shiga shafin jinya ka cire ta.

Yadda ake nemansa: buɗe taswira, za ka ga wuraren da maharbi zai iya kwanciya. Ɗauko makirufo mai jiyo sauti daga nesa ka juya a hankali har ka ji numfashinsa ko minsharinsa, don yakan yi gyangyaɗi. Duba ƙyallin gilashin bindigarsa idan rana ta fito. Idan ka harbe shi ya gudu, sa tabarau mai ganin zafi, sawunsa zai fito a ƙasa, ka bi. A nan ne sabuwar kyamara ta fi nuna darajarta, domin kana iya tafiya kana kallon tuddai maimakon tsayawa kowane taku uku. Kada ka ba shi lokaci mai yawa, hasken rana yana mayar masa da ƙarfi. Idan ka iya zagayowa bayansa da sanɗa ka ɗaga masa bindiga, ka saita kansa har sau uku, zai saki kayan Moss, waɗanda ke cikin mafi kyau a wasan. In ka gama da shi ba kisa, bindigarsa Mosin Nagant ta zama taka.

Akwai hanyoyin zamba biyu, kuma Kojima da kansa ya dasa su. Ta farko, tun a Ponizovje: ɗauko bindigar SVD a rumbun da ke yamma, bayan fim ɗin bakin ruwa za ka ga an bar tsohon a keken guragu na ɗan lokaci, kana iya harbe shi daga nesa. In ka yi haka, sojojin Ocelot ne za su cika Sokrovenno a madadinsa. Ta biyu, ka adana wasa a tsakiyar faɗan ka bar shi fiye da mako guda, ko ka tura agogon na'ura gaba. Da ka dawo za ka tarar tsufa ya kashe shi. Duka biyun abin dariya ne, amma kada ka yi su a bugun farko. Wanda ya tsallake wannan faɗa kamar wanda ya je biki ne ya tashi kafin a sauke tukunya.

The Sorrow ba faɗa ba ne. Tafiya ce cikin kogi, kuma duk mutumin da ka kashe tun farkon wasa zai taso maka a matsayin fatalwa, kowanne da irin mutuwar da ka yi masa. Wanda ya yi ta yanka zai daɗe a ruwan nan. Wanda ya riƙe Mk22 zai wuce cikin 'yan mintuna. A ƙarshe Snake zai faɗi, allon mutuwa ya fito. Kada ka zaɓi ci gaba: buɗe jakar kaya da L2 ka haɗiye ƙwayar farfaɗowa.

Wurare biyu kuma shigar burtu ta fi rarrafe amfani a cikinsu. A Graniny Gorki kayan masana kimiyya za ka sa, ba fenti a fuska, kuma kada ka bari ainihin masanan su ƙura maka ido. A Groznyj Grad sai ka sumar da Manjo Raikov ka sa kakinsa da fuskar roba mai kama da tasa, sojoji su riƙa sara maka. Idan aka kama ka aka kulle, hanyoyin fita sun fi ɗaya, mafi sauƙi ita ce lambar rediyo 144.75.

Abin da ke faifai na biyu

Sunansa Persistence. Mafi daraja a cikinsa wasanni biyu ne na asali: Metal Gear na 1987 da Metal Gear 2: Solid Snake na 1990, waɗanda aka yi wa kwamfutar MSX2. Na biyun bai taɓa fitowa a hukumance da Turanci ba sai a nan. Ka buga su bayan ka gama babban wasan, domin Snake ɗin da ka raka cikin daji shi ne Big Boss da za ka tarar a can, kuma sanin yadda ya faro yana canza yadda za ka kalle shi. Na 1987 yana da taurin kai irin na wasannin zamaninsa, na 1990 kuwa har yau yana da daɗin bugu.

Akwai Duel Mode na maimaita manyan faɗace-faɗace ɗaya-ɗaya, wurin da ya fi dacewa ka koyi kayar da su ba kisa. Akwai Snake vs. Monkey, inda kake farautar birran wasan Ape Escape, da Secret Theater, tarin finafinan barkwanci da ma'aikatan suka haɗa da 'yan wasan nasu. Metal Gear Online ma a nan ya fara, amma an rufe shi a Japan a ƙarshen 2006, a Amurka da Turai kuma a 2007, don haka wannan layin a jerin zaɓi ado ne kawai yanzu. Wasu kwafin suna da faifai na uku, Existence, wanda ya haɗa labarin ya zama fim na sama da awa uku. HD Collection ta riƙe kyamara da wasannin MSX2 biyu, amma ta zubar da birran da Duel Mode da Secret Theater. Wanda ke da faifan PlayStation 2 na asali yana da abin da mai sabuwar na'ura ba shi da shi.

Zagaye na biyu

Fara da matakin Normal. European Extreme, inda wasa ke ƙarewa da zarar an gan ka, na wanda ya haddace kowane yanki ne. Ka yawaita kiran 140.96, musamman inda wutar lantarki ba ta da alkawari, domin adanawa ba ta rage maka komai sai in kana neman babban matsayi a ƙarshe.

Bayan kammalawa ta farko ne wasan ke buɗe sauran aljihunsa. An ɓoye 'yan kwaɗin roba masu suna Kerotan guda 64, ɗaya a kusan kowane yanki. Ka harbe su duka, ko ka gama wasan ba a taɓa ganinka ba, za a ba ka na'urar ɓacewa. Waɗanda ke kan hanyar tseren babur na ƙarshe su ne masu wahala, don haka ka adana a farkon kowane yanki a ramin memori daban, in ka kuskure ɗaya ka koma. Akwai kuma Tsuchinoko, macijin almara na Japan, wanda ake kamawa da tarkon ɓera. Idan ka kai shi ƙarshen wasa da rai za ka samu fentin fuska mai sa harsashi ba ya ƙarewa. Sai dai a tuna ana ƙwace maka kaya duka idan aka kama ka a Groznyj Grad, shi ma yana ciki, don haka sai ka sake nemo shi a bakin ruwan Tikhogornyj kafin ka wuce.